Wane irin zarto ya dace da datse rassa da sare bishiya a gida?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana. Akwai bishiyoyi a cikin gida da ke buƙatar gyara: mangwaro da wasu rassansa suka kwanta a kan rufi, gwaiba da lemo, sai wata darbejiya da ta bushe a tsaye, kaurin gindinta zai kai santimita 30. Rassan mangwaron akwai masu kaurin santimita 5, akwai masu 15. Injin zarto mai sarƙa zan saya ya yi min duka, ko akwai abin da ya fi shi dacewa? Zarton da ke gidan na kafinta ne, tun kafin a kai rabin reshe yake maƙalewa.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam Baban Khalil. Zarton kafinta ba don ɗanyen itace aka ƙera shi ba. Haƙoransa ƙanana ne, a cushe suke, kuma ba a baje su hagu da dama sosai ba. Ɗanyen itace akwai ruwa da ƙaro, garin da yake fitarwa jiƙaƙƙe ne, sai ya cika tsakanin haƙoran, tsagar kuma ta matse ƙarfen zarton. Maƙalewar ke nan.

Kafin maganar inji, kaurin reshe da inda reshen yake su ne za su zaɓa maka kayan aiki. Abin da bai wuce santimita 2 ba, almakashin lambu ya ishe shi. Daga nan zuwa santimita 4 akwai babban almakashi mai dogayen hannuwa. Daga 4 zuwa 12, har 15 idan da haƙuri, aikin zarton datse rassa ne, wannan siririn mai mariƙi ɗaya. Ka nemi mai tsawon santimita 27 zuwa 33, mai haƙora 6 zuwa 8 a kowane inci. Irin na Jafan, kamar Silky da ARS, lokacin ja yake ci, ba lokacin turawa ba. Ka ja da ƙarfi, ka mayar da shi gaba a sassauce. Yawancin waɗanda ke karya bakin irin wannan zarto a turawa suke karya shi, sun danna da ƙarfi ƙarfen ya lanƙwashe a cikin tsaga.

Gwaiba da lemo da mafi yawan rassan mangwaron nan, wannan zarton zai gama maka su, kuma yankan zai fita sumul fiye da na inji.

Kafinta:
Na yarda da Malam Mai Lambu, sai dai ƙa'idar zaɓen tsawo ya kamata a faɗa: ƙarfen zarto ya ninka kaurin reshen sau biyu. Reshe mai santimita 15 yana son zarto mai 30. In ya gaza haka, ja ɗaya ba ya fitar da garin daga tsaga, sai dai ka yi ta gurza wuri ɗaya. Shi ya sa ƙaramin nan da ake naɗewa a sa a aljihu, mai santimita 17 zuwa 21, bai kamata ya zama shi kaɗai ne zarton gida ba.

Sannan a lura da haƙoran. Idan ka ga bakin kowane haƙori ya yi duhu-duhu, an ƙona shi ne don ya yi tauri. Yana daɗewa bai dakushe ba, amma magagari ba ya cin sa. Ranar da ya dakushe sai dai a kwance noti a sa sabon ƙarfe. Don haka kada ka sayi wanda ba a sayar da ƙarfensa daban.

Maman Safiya:
Tambaya a kan wannan: mai lanƙwasa ko miƙaƙƙe? Kowane mai sayarwa da abin da yake faɗa.

Mai Lambu:
Maman Safiya, ya danganta da inda hannunki zai yi aiki. Reshen da ke sama da kafaɗa ko ƙasa da ƙugu, mai lanƙwasa ya fi, domin lanƙwasar da kanta take cusa haƙoran cikin itacen idan kin ja, ba sai kin danna ba. Tsakanin ƙugu da kafaɗa miƙaƙƙe ya fi fitar da yanka daidai. Wanda zai sayi ɗaya tak don bishiyoyin gida, ni mai lanƙwasa zan ce, tunda yawancin rassan da ke damun mutane a sama suke.

Dattijo:
Ku ƙara masa da zarto mai baka, wanda ƙarfensa siriri ke ɗaure tsakanin bututu mai siffar baka. Mai tsawon santimita 61 ko 76. Ba ya shiga tsakanin rassa masu cunkoso, bututun na tokarewa, amma in reshe ya sauko ƙasa ana son daddatsa shi, babu zarton hannu da ya kai shi sauri. Ƙarfensa iri biyu ne, kuma mutane da yawa ba sa bambancewa. Na ɗanyen itace, bayan kowane rukunin haƙora akwai wani haƙori mai baki biyu da aikinsa kwashe gari ne kawai. Na busasshe haƙoransa duk iri ɗaya ne. A wajen kamfanin Bahco na ɗanye shi ne lamba 23, na busasshe lamba 51. In ka sa na busasshe a ɗanyen mangwaro zai toshe, in ka sa na ɗanye a busasshiyar darbejiyar nan zai riƙa tsalle yana sarƙewa. Ka ɗaure ƙarfen tamau, sako-sako shi ke sa yanka ya karkace. In an gama aiki za a ajiye na dogon lokaci, a ɗan sassauta shi.

Adda kuwa a bar ta wa ciyayi da ƙananan tsiro. Sara da adda na farfasa reshe, ya bar rauni mai tsaga-tsaga inda ruwa zai kwanta, ruɓa ta shiga.

Baban Khalil:
Na gode ƙwarai. To na kan rufin fa? Tsani zan kafa?

Injiniya:
A'a ɗan'uwa, a nan ne aka fi jin ciwo. Reshe in ya yanke ba ya faɗuwa a miƙe, yakan lilo ya dawo ya bugi ƙafar tsanin. Sannan reshen da tsani ya jingina da shi, da zarar an rage masa nauyi yakan ɗaga sama, tsanin ya zame. Ka ƙiyasta nauyin ma: ɗanyen reshe mai kaurin santimita 15, kowace mita ɗaya tana kusan kilo 15, ban da ganye da ƙananan rassa.

Abin da ake amfani da shi zarto ne mai doguwar sanda, irin wadda ake zugewa daga mita 2 zuwa 5 ko 6, kana tsaye a ƙasa. Kada ka tsaya ƙarƙashin reshen, ka ja baya yadda sandar za ta kwanta kaɗan, kusurwarta da ƙasa kada ta wuce digiri 60. Hular kwano da tabarau dole ne, domin garin a ido yake sauka. Ka fara daga ƙarshen reshe kana cire guntu-guntu, kamar rabin mita, kada ka yanke shi gaba ɗaya daga gindi ya fasa rufi. Manyan guntaye a ɗaura musu igiya, a rataya ta kan wani reshe mai ƙarfi da ke sama, wani ya riƙe daga nesa ya sauke a hankali.

Idan akwai wayar lantarki kusa da bishiyar, a ajiye sandar gaba ɗaya, a kira masu kula da wutar. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta, ba sai sandar ta taɓa wayar da kanta ba.

Mai Lambu:
Bari in tsaya a kan yadda ake cire babban reshe, domin zarto mai kyau ba ya hana ɓarna in an yi yankan ba daidai ba. In ka fara daga sama kai tsaye a jikin bishiya, kafin ka gama nauyin reshen zai karya shi, ya yage ɓawon ya sauko da shi a jikin gangar bishiyar, wani lokaci tsawon hannu guda. Wannan raunin ya fi yankan kansa illa.

Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasa, kamar santimita 30 daga jikin bishiya, ka shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin, ka tsaya kafin reshen ya matse zarton. Na biyu daga sama, santimita 3 zuwa 5 gaba da na farko wajen ƙarshen reshen, har ya faɗi. Yagewar za ta tsaya a inda ka yanka daga ƙasa. Saura guntu mara nauyi, shi ne na uku, kuma shi ne mai muhimmanci. Duba inda reshe ya haɗu da bishiya: daga ƙasa akwai ɗan kumburi da ya zagaye gindin reshen, daga sama akwai layin ɓawo da ya tattare. Ka yanka dab da wajen wannan kumburin, kada ka taɓa shi. Daga cikinsa ne sabon nama zai fito ya zagaye raunin har ya rufe. In ka aske shi daidai da jikin bishiya, ka buɗe wa ruɓa hanya zuwa cikin ganga. In ka bar dogon guntu kuma, zai mutu, bishiyar ba za ta iya rufe shi ba, gara da ƙwari su samu masauki.

Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiya a shekara guda. Mangwaro kuma bayan an gama cire 'ya'ya ake yi masa aski.

Maman Safiya:
Bayan yankan sai a shafa fenti ko baƙin mai a wurin, ko ba haka ba?

Kafinta:
Ni ina ganin shafawar na da amfani, ko don hana ruwa shiga. Katako ma ai da fenti ake kare shi.

Mai Lambu:
Malam Kafinta, katako matacce ne, ita kuwa bishiya da ranta. Binciken da Alex Shigo na hukumar gandun dajin Amurka ya yi a shekarun 1970 da 1980 ya nuna bishiya da kanta take kafa shinge a cikin itacenta ta killace wurin da aka yi rauni, kuma shafe-shafen nan ba sa hana ruɓa. Fenti in ya tsage sai ya riƙe danshi a ƙarƙashinsa. Baƙin mai kuwa yana ƙona ɗanyen naman gefen da ake jira ya rufe raunin. A bar shi ya sha iska. Abin da ya kamata a shafa wa wani abu shi ne zarton: a goge shi da sifirit kafin a koma wata bishiyar, musamman in an yanki reshe mai cuta a lemo. Sifirit ɗin na cire ƙaro ma. Sai a ɗiga masa ɗan mai saboda tsatsa.

Makanike:
Kun yi ta maganar zarton hannu, amma mutumin nan fa yana da busasshiyar bishiya mai santimita 30, kuma da ganin tambayarsa ransa na kan inji. Gara a gaya masa wanda zai saya. Dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, bari in ce masa takobi, ya fi kaurin itacen da kamar santimita 5. Na santimita 35 ya isa, a inji mai cc 30 zuwa 40. Kada a ruɗe ka da babban takobi mai 50 ko 60 a kan ƙaramin inji. Ƙarfi zai ragu, nauyi ya ƙaru, kuma hancin takobin ya yi nisa da idonka. Kada ka sayi wanda mariƙinsa ke sama, wannan na masu hawa bishiya ne da aka horar. Naka mai mariƙi a baya.

Injin fetur ɗin nan ba shi da wurin zuba baƙin mai daban, a cikin fetur ake gauraya man da aka yi domin irinsa. Kamfanonin Stihl da Husqvarna masu ƙera injin 50 bisa 1 suke cewa, wato mililita 20 a lita ɗaya, 100 a lita biyar. Wasu injunan 40 ko 25 bisa 1 suke so, ka karanta littafin naka. Zallan fetur na mintuna kaɗan ya isa fiston ya kama, inji ya tashi aiki. Kada ka haɗa wanda zai wuce wata ɗaya.

Injiniya:
Daidai nan muka rabu da kai Malam Makanike. Wanda zai tada inji sau biyu ko uku a shekara, na fetur wahala zai ba shi. Fetur ɗin da ya kwana watanni a kafireta yana zama danƙo ya toshe ƙananan ramuka, robar cikinta ta ƙandare, ranar da ake buƙatarsa a yi ta jan igiya ya ƙi tashi. Na batir mai volt 36 ko 40 da takobi mai santimita 30 zuwa 35 ya wadatar da gida. In za ka kwatanta batura, ka ninka volt da Ah, wato lambar yawan cajin da batir ke ɗauka: 36 sau 4 ya ba ka 144, 18 sau 5 ya ba ka 90, na farkon ya fi daɗewa ke nan. Idan kana da wasu kayan aiki na Makita ko DeWalt, ka sayi injin kamfanin don batir ɗaya ya yi maka duka. Kada a bar batir a rana ko cikin mota mai zafi.

Makanike:
Ban musa ba Injiniya, amma maganin kwanan fetur sananne ne: a juye tanki, a tada inji ya shanye na kafireta har ya mutu da kansa, sannan a ajiye. Kuma busasshen itace mai tauri na cinye caji da wuri. Wanda zai daddatsa gangar nan gaba ɗaya da batir ɗaya zai yi jiran caji a tsakiyar aiki. Akwai na uku ma, mai waya, watt 1800 zuwa 2000, in akwai wuta tsayayya kuma bishiyar ba ta yi nisa ba. Sai dai a warware wayar duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi, a riƙa barin ta a bayan mutum.

Ko wanne aka saya, man sarƙa dole ne. Duk lokacin da aka cika fetur ko aka canja batir, a duba tankinsa. A gwada: nuna hancin takobin ga wani farin katako ba tare da ya taɓa ba, ka ba shi wuta, za ka ga layin mai ya fantsama. In babu, ramin man ya toshe da gari. Kada a zuba ƙonannen baƙin man mota, akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki, yana cinye famfon. Ɗaurin sarƙa a sanyi ake yi: sassauta notin gefe, ɗaga hancin takobin, juya sukurun har sarƙar ta kwanta a ƙasan takobi ba ta reto, amma tana jawuwa da hannu mai safa, sannan a ɗaure noti hancin na ɗage. Sabuwar sarƙa na saki da wuri, a sake dubawa bayan 'yan yanka. Kaifin haƙoran da ke saman takobi gaba yake kallo, wajen hanci. Sarƙar da aka sa a juye hayaƙi kawai take yi.

Kafinta:
Alamar dakushewa kuma a garin take. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya-manya take watsowa, kuma da kanta take shiga. In ka ga gari mai laushi, kana danna injin da ƙarfi, ta dakushe. Ƙananan injuna yawanci sarƙarsu ƙarama ce, wadda ake kira 3/8, magagarinta zagayayye mai milimita 4, ana riƙe shi a kusurwar digiri 30, daga cikin haƙori zuwa waje, kowane haƙori shafa iri ɗaya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, yanka zai riƙa karkata. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori shi ke ƙayyade zurfin cizo, ya kasance ƙasa da bakin haƙorin da milimita 0.65. Akwai ma'auninsa. Masu rage shi fiye da kima don inji ya yi sauri, haɗari suke ƙara wa kansu. In za a sayi sabuwar sarƙa, lambobi uku da ke rubuce a gindin takobi sai sun dace: tazarar haƙora, kaurin ƙafar sarƙa da ke shiga kwarmin takobi, milimita 1.1 ko 1.3, da adadin ƙafafun.

Dattijo:
Yara, kun yi maganar mai da magagari, ku faɗa masa abin da ke raunata mutane. Idan rabin sama na hancin takobi ya taɓa wani abu sarƙa na gudu, injin harbi yake yi, ya taso sama wajen fuska kafin mutum ya ƙifta ido. Don haka kada a yanka da hanci. Hannu biyu kullum, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba, mutum ya tsaya a gefen layin yankan. Garkuwar nan da ke gaban hannun hagu birki ce, a gwada ta kafin aiki, a danna ta duk lokacin da za a taka ƙafa. Inji ba ya wuce kafaɗa, ba ya hawa tsani. Sarƙa na gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, akwai wando na musamman mai zare a ciki da ke sarƙe ta ya tsayar da ita, a saye shi tare da injin, da toshin kunne da takalmi mai ƙarfe a baki.

Ƙananan nan na batir da ake riƙewa da hannu ɗaya, masu takobin santimita 10 zuwa 15, da yawa ba su da birki, kuma suna sa mutum ya riƙe reshe da ɗaya hannun dab da sarƙa. Abin da suke yankawa zarton hannu na yanka shi.

Baban Khalil:
Allah ya saka da alheri Baba. To darbejiyar, in kayar da ita da kaina?

Dattijo:
Ka fara auna fili. Ƙa'ida ita ce kada mutum ko dabba su kasance cikin ninki biyu na tsawon bishiyar, kuma inda za ta kwanta babu gini, babu katanga, babu waya. In filin bai kai ba, daga sama ake sauke ta guntu-guntu da igiya, wannan kuwa aikin masu sana'ar ne.

In da fili, a gefen da ake so ta faɗi ake cire baki mai zurfin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin, a bishiyarka santimita 6 zuwa 7 da rabi ke nan. Sai a koma baya a yanka a kwance, ɗan sama kaɗan da ƙasan bakin, a tsaya saura santimita 3, wato kashi ɗaya cikin goma. Wannan ragowar ita ke riƙe bishiyar kamar hinjin ƙofa tana juya ta inda aka nufa. In aka yanke ta, bishiya ta faɗi inda ta ga dama. A buga weji na roba a yankan baya don kada ta zauna a kan takobi. Hanyar gudu a share ta tun farko, ta baya amma a karkace.

Sai dai busasshiya ba ta da amana irin ta ɗanya. Ragowar nan kan karye farat ɗaya maimakon ta lanƙwasa, girgizar inji na iya sako mataccen reshe daga sama, kuma mai yiwuwa gara ta cinye cikinta. Ka buga gindin da bayan gatari, in ka ji amo na rami, kada ka taɓa. Wanda bai taɓa riƙe inji ba, bai kamata ya koya a kanta ba.

Injiniya:
Bayan ta kwanta ma akwai abin lura wajen daddatsawa. Gungumen da ya tokare ƙasa a kai biyu, tsakiyarsa na sama, saman ne ke matsewa: a fara daga sama kashi ɗaya cikin uku, a ƙarasa daga ƙasa. Wanda kai ɗaya ke reto, akasin haka. Wanda ke kwance a ƙasa a yanka kashi biyu cikin uku, a mirgina shi, a ƙarasa, domin taɓa ƙasa na daƙiƙa ɗaya ya isa ya kashe kaifin sarƙa. Saiwa da kututture ba aikin sarƙa ba ne saboda yashi. Injin zarto mai kai-komo, da ƙarfen datse itace mai haƙora 5 a inci, shi ya dace da su, tunda in ƙarfen ya lalace cire shi kawai ake yi a sa wani.

Kafinta:
Ƙari ɗaya Baban Khalil. Bishiyar cikin gida ba ta rasa ƙusa, ko wayar shanya, ko guntun ƙarfe da aka ɗaura tun da daɗewa nama ya rufe shi. Yawanci daga ƙugu zuwa ɗan sama da kai suke. Ka zagaya gangar ka duba kafin ka sa zarto: tabo mai kumburi, layin da ya shaƙe ɓawo a zagaye, ko baƙin zane da ya gangaro, duk alamar ƙarfe ne a ciki. Ka matsa sama ko ƙasa da wurin kamar tafin hannu biyu. In kana cikin yanka ka ji ƙara ta canja ko ka ga tartsatsi, ka tsaya nan take ka duba haƙoran ɗaya bayan ɗaya kafin ka ci gaba.